Dalar Nekoma: an kammala ta ranar ɗaya ga wata, an yanke mata hukunci ranar biyu

Injiniya Habu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga rahar da aka yi ta yi a kan hoton wani ginin siminti mai siffar dala da Nafi'u ya saka a wannan zaure jiya da daddare, inda wasu suka ce ginin 'yan ƙungiyar asiri ne, wasu kuma suka ce kabarin wani attajiri ne. Ina so in sa baki, domin na taɓa tsayawa a bakin shingen wurin da ƙafata. Ginin yana gefen wani ƙaramin ƙauye mai suna Nekoma a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, kimanin kilomita 50 daga iyakar Kanada, kuma rada ce ta sojan ƙasa wadda aka gina domin ta jagoranci makaman Amurka da za su kakkaɓo makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyat. Sunan tsarin baki ɗaya Safeguard, sansanin kuma an sa masa sunan Laftanar Janar Stanley R. Mickelsen, wanda ya taɓa riƙe rundunar tsaron sama ta sojan ƙasar.

Lokacin da nake karatu a birnin Grand Forks na jihar, wani abokina ya kai ni a motarsa, tafiyar kusan awa biyu. Ƙasar can shimfiɗe take kamar tabarma, gonakin alkama iyakar ganinka, saboda haka tun da sauran tafiya mai nisa sai ka hango abin a tsaye, kamar dalar gyaɗar Kano da aka sare wa kai. Tsayinta kusan mita 24 ne, kuma a kowace fuska daga cikin huɗun akwai wani babban da'ira kamar ido. A gefenta akwai wasu dogayen hasumiyoyi na siminti a jere, can gaba kuma fili ne mai murafai a layi-layi, ciyawa ta tsiro ta tsagun siminti. Iskar wurin ba ta bari ka daɗe a waje, kuma ban da ƙarar iskar ba ka jin komai.

Nafi'u: Wa alaikumus salam, Injiniya, na gode ƙwarai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk radar da na sani a filin jirgi tana da faranti mai juyawa, wannan kuwa siminti ne a daskare. Ta yaya take duba sama? Kuma ko irin tashar nan ce da aka ce Amurkawa sun taɓa kafawa a Kano?

Malama Binta: Nafi'u, tashar Kano ta hukumar NASA ce, an kafa ta a farkon shekarun 1960 domin sadarwa da kumbunan shirin Mercury idan sun gifta ta saman Afirka, ba ta da wata alaƙa da harbo makami. Game da tambayarka ta farko kuwa, da yake abin da nake koyarwa ke nan, bari in ɗan tsawaita.

Faranti mai juyawa yana da kyau wajen bin jirgin sama, amma kan makamin nukiliya da ke faɗowa daga sararin samaniya yana cin kusan kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Kafin faranti ya juya daga wannan zuwa wancan, aikin gama ya gama. Saboda haka aka yi dabarar jera ƙananan eriya da yawa a fuska ɗaya. A cikin kowane da'irar da Injiniya ya gani, mai faɗin kusan mita 4, akwai ƙananan na'urori kimanin 5,000, kowace tana iya jinkirta siginar da ke ratsa ta da ɗan ƙanƙanin lokaci. Idan kwamfuta ta sa na gefen dama suka riga na gefen hagu, sai igiyoyin su haɗu su karkata zuwa gefe guda, idan ta sauya tsarin kuma su karkata wani wajen. Ka ɗauka mata ne goma a jere a bakin tafki suna jefa tsakuwa: idan suka jefa tare, igiyar ruwan za ta miƙe gaba sak, idan kuma suka jefa ɗaya bayan ɗaya, za ta tafi a karkace. Babu ƙarfen da ke motsi, amma hasken radar yana tsalle daga wannan kusurwar sama zuwa waccan cikin ƙasa da ƙiftawar ido, yana bin makamin abokin gaba yana kuma yi wa nasu makamin jagora a lokaci guda. Kamfanin Raytheon ne ya ƙera wannan radar, kamfanin Bell Labs kuma shi ya tsara tsarin baki ɗaya da kwamfutar da ke tafiyar da shi. An fara gwada irinta a tsibirin Meck da ke Kwajalein a tekun Fasifik kafin a gina ta Nekoma.

Injiniya Habu: Madalla da wannan bayani, Malama. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne, dalar nan kan gini ne kawai, gangar jikin tana ƙarƙashin ƙasa. A can ƙasa ne ɗakunan kwamfuta da ɗakin ba da umarni suke, kuma akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa su da tashar lantarki ta wurin, wadda ita ma binne take. Hasumiyoyin nan da wasu suka ɗauka makamai ne, hancin tashar lantarkin ne, wasu na shaƙo iska, wasu na fitar da hayaƙin injuna. Kaurin bangon dalar ya kusa mita ɗaya, an shafe cikin ginin da faranta na ƙarfe da aka yi wa walda domin kada bugun lantarkin da fashewar nukiliya ke haifarwa ya ƙona na'urori, sannan manyan kayan aiki an ɗora su a kan dandamali masu sifirin domin idan ƙasa ta girgiza su yi lilo maimakon su karye. A matsayina na mai aikin gini, wannan ɓangaren ne ya fi burge ni, domin kowane bututun ruwa da kowace waya da ta ratsa bango sai an yi mata dabarar da ba za ta zama ƙofar ɓarna ba.

Malam Lawal: Injiniya, ina jin daɗin yadda kake yabon ginin, amma ka ba mutane kwanakin watan su yi wa kansu hukunci. An fara aikin ginin a 1970. Ya fara aiki wani ɓangare a ranar 1 ga Afrilun 1975, ya cika aiki a ranar 1 ga Oktoba, washegari 2 ga Oktoba Majalisar Wakilan Amurka ta kaɗa ƙuri'ar a rufe shi. Zuwa Fabrairun 1976 an kashe shi. Shirin ya lashe kusan dalar Amurka biliyan 6 na wancan zamani. Wato dala ce ta ci dala. Idan wannan ba asara ba ce, to ban san abin da ake kira asara ba.

Baba Kyaftin: Malam Lawal, a yi haƙuri da tsoho, amma lissafinka na ɗan kasuwa ne, alhali kayan yaƙi ba da yawan kwanakin da suka yi suna aiki ake auna su ba. Ka tuna yadda abin ya faro. A 1967 gwamnatin Shugaba Johnson ta Amurka ta sanar da shirin Sentinel, wanda zai girke makamai masu kan nukiliya a gefen manyan birane, mutanen biranen suka ce ba su yarda a ajiye musu wannan a bayan gida ba. Da Nixon ya hau, a watan Maris na 1969 ya sauya wa shirin suna da manufa, ya ce za a kare ramukan Minuteman ne, wato makaman nukiliyar Amurka masu cin dogon zango, maimakon birane, har wurare goma sha biyu aka tsara. Na Nekoma an yi shi ne domin tsaron Minuteman 150 da ke warwatse a gonakin yankin Grand Forks. A Majalisar Dattawa a watan Agustan 1969 ƙuri'a ta yi kunnen doki, 50 da 50, har Mataimakin Shugaban Ƙasa Spiro Agnew ya jefa tasa.

To, ana cikin zuba simintin nan ne ake zaman tattaunawa da Sobiyat, kuma a ranar 26 ga Mayun 1972 Nixon da shugaban Sobiyat Brezhnev suka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar taƙaita irin waɗannan makamai. Kowace ƙasa aka ba ta wuri biyu, kowane wuri makami 100, a 1974 kuma aka rage zuwa wuri ɗaya. Wanda ya je ciniki hannu rabbana ba a sauraronsa. Sobiyat ta riga ta fara kewaye Mosko da nata tsarin, kuma ni a ganina ba za ta yarda ta tsaya a nan ba da ba ta ga Amurka tana gina nata da gaske ba.

Malam Lawal: Ranka ya daɗe, na karɓi rabin maganarka. Na yarda cewa daga 1969 zuwa 1972 ginin yana da amfani a teburin ciniki. Amma cinikin ya faɗa a 1972. A shekarar aka dakatar da wurin da ake ginawa a jihar Montana, har yau gindin simintinsa yana nan kusa da Ledger ba a ƙarasa ba. Me ya hana a yi wa Nekoma haka? Sai aka ci gaba da kashe kuɗi har shekara uku a kan abin da kowa ya san makami 100 ne iyakarsa, alhali abokin gaba yana da makamai masu cin dogon zango fiye da dubu, kuma a daidai lokacin yake fara ɗora kawuna da yawa a kan makami ɗaya.

Nafi'u: Kafin a yi nisa, ina roƙon a yi mini bayanin murafan nan da Injiniya ya ce ya gani a layi. Makaman suna ciki har yanzu?

Injiniya Habu: A'a ƙanena, an kwashe su tun bayan rufewar, ramukan ne kawai suka rage a toshe. Iri biyu ne. Akwai Spartan guda 30, dogo mai hawa uku, wanda zai tari makamin abokin gaba a can sama da iskar duniya, a nisan da ya wuce kilomita 700. Kansa na nukiliya, W71, ƙarfinsa megatan 5 ne, wato daidai da tan miliyan 5 na nakiyar TNT, kuma shi ne aka gwada a ƙarƙashin tsibirin Amchitka na Alaska a Nuwamban 1971, a rami mai zurfin kusan mita 1,800. Zanga-zangar adawa da wannan gwaji ce ta haifi ƙungiyar Greenpeace. Sai kuma Sprint guda 70, wanda aikinsa tare duk abin da ya kuɓuce wa Spartan bayan ya shigo cikin iska, saura daƙiƙoƙi ya sauka. Siffarsa kamar mazurari ce a kife, tsawon kusan mita 8, ana cilla shi daga rami da ƙarfin gas sannan injinsa ya tashi, kuma cikin daƙiƙa 5 yake kai ninki goma na gudun sauti, har jikinsa ya yi fari fat saboda zafi. Guda 16 ne kawai suke kusa da dalar. Sauran 54 an raba su a ƙananan sansanoni huɗu da ke kewaye, saboda zangon Sprint gajere ne, kimanin kilomita 40, dole a matsar da shi kusa da abin da yake tsaro. Ɗaya daga cikin huɗun, na ukun, yanzu ana buɗe wa masu yawon buɗe ido.

Malama Binta: A nan ne nake ganin Malam Lawal ya fi gaskiya, kuma hujjar tana jikin ginin ne, ba sai an je majalisa ba. Duk makaman nan 100 makafi ne, ba su da idon kansu, dalar ce ke gaya wa kowane inda zai bi da lokacin da zai fashe. Ga ta guda ɗaya tak. Ana iya ƙara wa bango kauri yadda aka ga dama, amma ido dole ya kasance a waje yana kallon sama, ba a binne shi. Ramin Minuteman da ake tsaro ya fi radar da ke tsaronsa jure fashewa nesa ba kusa ba, wato mai gadi ya fi abin da yake gadi rauni. Abokin gaba ba ya buƙatar ya fi ƙarfin makami 100, abin da yake buƙata shi ne ya tsone idon.

Akwai kuma matsala ta biyu da ta fi wannan ban takaici. Idan Spartan ya fashe a sama da ƙarfin megatan 5, yana barin wani yanki na iska mai cike da caji wanda siginar rada ba ta ratsa shi da kyau na wani lokaci. Ke nan harbinka na farko yana iya rufe maka ido daga ganin abin da ke tafe a bayansa, kuma shi ma abokin gaba yana iya fasa nasa a can sama da gangan domin ya yi maka wannan labule. Masana irin su Hans Bethe da Richard Garwin sun bayyana waɗannan matsaloli a fili tun 1968, kafin a haƙa rami ko ɗaya a Nekoma.

Baba Kyaftin: 'Yata, ban musa ilminki ba, kuma ban taɓa cewa dalar za ta tare ruwan makamai ba. Amma ku duka kun manta da ɗan'uwanta. Tsarin rada biyu ne. Kimanin kilomita 40 daga Nekoma, wajen garin Cavalier, akwai babbar radar hangen nesa da kamfanin General Electric ya ƙera, gini mai tsayin kusan mita 37 da fuska ɗaya tak mai kallon arewa, ta inda makaman Sobiyat za su ɓullo bayan sun tsallako ƙurewar arewacin duniya. Ita ce za ta fara hango su daga nisan kusan kilomita 3,000, ta lissafa inda suka dosa, sannan ta miƙa wa dalar. Wannan ba a rufe ta ba. A 1977 aka miƙa ta ga sojan sama, kuma har yau tana aiki, tana gadin sama tana kuma bin sawun taurarin ɗan'adam da tarkacen da ke kewaya duniya, yanzu a hannun rundunar sararin samaniya ta Amurka. Kayan da aka ƙera a farkon shekarun 1970 yana aiki kusan shekara hamsin, a sa wannan ma a ma'auni.

Malam Lawal: Na sa shi, ranka ya daɗe, kuma ni a wurina ƙarin hujja ce. Abin da ya rayu shi ne wanda aikinsa gani kawai. Wanda aka ɗaura wa harbi shi ne ya mutu, domin an ɗinka shi daidai jikin aiki ɗaya, da aikin ya tafi sai ya zama riga ba mai sawa.

Injiniya Habu: Wannan magana ta Malam ita ce abin da mutanen yankin suke fama da shi har yau. Lokacin ginin dubban ma'aikata sun cika garin Langdon da ƙauyukan kewaye, an faɗaɗa makarantu, an ja ruwa, an gina gidaje, sai ga shi cikin 'yan watanni an watse. Nekoma kanta a ƙidayar 2020 ba ta kai mutum 50 ba. Bayan rufewa aka ciccire na'urorin cikin dalar, ruwa ya taru a ɗakunan ƙasa, kuma gini irin wannan rushe shi ma kuɗi ne mai yawa, domin an yi shi ne musamman don kada ya rushe. A 2012 gwamnati ta yi gwanjonsa, wata al'ummar Hutterite, mabiya wata ɗariƙar Kirista da ke zaman noma a gandu ɗaya kuma ba su yarda da ɗaukar makami ba, suka saye shi a kan dalar Amurka 530,000. Na daɗe ina mamakin wannan juyi na zamani. A 2017 hukumar bunƙasa ayyukan yi ta gundumar Cavalier ta sayi ɓangaren da dalar take, a 2022 kuma aka sanar cewa kamfanin Bitzero zai mayar da wurin cibiyar ajiye manyan kwamfutoci, tunda akwai sanyi da kauri da tsaro.

Nafi'u: To ita Sobiyat fa, ta rufe nata?

Baba Kyaftin: Ba ta rufe ba. Ita Mosko ta zaɓa a matsayin wurinta guda, kuma daga baya ta gina radar Don-2N a arewacin birnin, ita ma dala ce mai sararren kai da ido a kowace fuska huɗu, sai dai ta fi ta Nekoma girma sosai, kuma tana aiki har yanzu a hannun Rasha. Yarjejeniyar 1972 kuwa Amurka ta fice daga cikinta a 2002 zamanin George W. Bush. Saboda haka Malam Lawal, idan dabarar banza ce, me ya sa su ba su yar da ita ba?

Malam Lawal: Saboda abin da suke tsaro daban ne, ranka ya daɗe. Wanda ke tsaron fadar mulki, ko mintuna kaɗan ya saya wa shugabanni su shiga ɓuya su ba da umarni, zai ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Nekoma kuwa ramuka 150 take tsaro daga cikin Minuteman 1,000, ban da jiragen ruwa masu nutso da ba wanda ya san inda suke. Ko da dalar ko babu ita, Amurka tana da abin ramuwa, kuma majalisar ta san haka ranar da ta kaɗa ƙuri'a.

Malama Binta: Ni dai abin da nake so in sani, Injiniya, da'irorin nan da ke jikin fuskokin, eriyar ce ta ainihi ta rage ko kuwa an cire an toshe gurbin? Ina so in nuna wa ɗalibaina hoton a darasin mako mai zuwa, kuma ba na so in gaya musu abin da ba haka ba.

Injiniya Habu: Daga inda na tsaya a bakin shinge, abin da ido ke gani shi ne babban zobe da wani faifai mai launin toka a tsakiyarsa, ban samu shiga ciki ba. Amma a farkon shekarun 1990 gwamnatin Amurka ta sa an ɗauki hotunan wurin ciki da waje tare da zanen gine-ginen, kuma suna nan a shafin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, kowa yana iya saukewa kyauta. A ciki akwai na kusa da fuskar radar da na tashar lantarki da na murafan ramukan. Zan nemo miki su in Allah ya yarda in saka a nan bayan sallar isha'i, har da na Cavalier domin ɗaliban su ga bambancin mai ido huɗu da mai ido ɗaya.